Tone da karin sauti: aikinsu ɗaya, asalinsu daban

Wani ɗan'uwa a wannan zaure, ɗalibin Hausa a kwalejin ilimi, ya yi tambaya: kalmar tone da yake gani a littattafan Turanci daga ina ta fito, kuma "karin sauti" da malaminsu yake cewa fassararta ce kai tsaye? Ya kuma ji ana cewa Yarbanci da Sinanci suna da abin, to su me suke kiransa?

Malam, a cikin aji abu ɗaya suke nufi, amma ba su haɗa kaka ba.

Ta Turancin 'yar Girka ce. Girkawa suna cewa tonos, daga wani fi'ili nasu mai ma'anar jan abu har ya ɗame. Tsirkiya ce a ransu. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai garaya ya san zancen: a ƙara ɗaure tsirkiya sauti ya yi sama, a sassauta ya sauko. Daga tsirkiya kalmar ta koma kan sautin, daga nan ta hau muryar ɗan Adam. Latin ta ara ta ce tonus, Faransanci ya ce ton, ta shiga Turanci a ƙarni na 14. A hanya ta kwaso kaya da yawa, har turuwar launi da ɗamewar tsokar jiki duk da ita ake faɗa. Idan Bature ya ce tone ɗinka bai yi masa ba, ba ruwansa da nahawu, gatsali ya ji a muryarka. Ma'anar da kake karantawa a aji ita ce mafi ƙunci a cikinsu.

Abin mamaki, a gidan ubanta ma ta sauya aiki. Tsohon Girkanci yana da hawa da saukar murya a kan gaɓa, kuma Aristofanis na Bizantiya, malami a ɗakin karatu na Iskandariyya wajen shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa, shi ake danganta wa ƙirƙiro alamomin rubuta shi. Daga baya hawa da saukar ya ɓace, sai ƙarfafa gaɓa ya gaje shi. A 1982 Girka ta rage alamomin ta bar guda ɗaya tal, har yau kuma tonos ake ce mata.

Tamu kuwa ba tsirkiya a cikinta. Kari daga karya yake, kamar yadda muke cewa karin kumallo, karin hula, karin guga a jikin wando. Wurin da abu ya lanƙwasa ya ɗauki wata siga, shi ne karinsa. (A kula, k ce marar ƙugiya. Ƙari da ake yi wa mai sayen gyaɗa daban ne, ko da yake masu rubutu a waya sun mai da su ɗaya.) Malaman nazarin harshe da suka nemi suna ba su je Girka ba, sun ɗauki kari da ke gida suka jingina shi da sauti. Ni dai ina ganin sun dace, domin muryar Bahaushe karyawa take yi daga gaɓa zuwa gaɓa.

Sai dai kari yana da 'ya'ya da yawa, kuma nan ɗalibai suke tuntuɓe. Karin magana daban, karin waƙa daban. Wanda ya fi rikita mutane shi ne karin harshe, wato bambancin Kananci da Sakkwatanci da Katsinanci. Karin sauti shi ne abin da ya raba kukan yaro da kukar miya: a na farko gaɓoɓin biyu duk suna sama, a na biyu ta ƙarshe ta sauko. Faɗi baba sau uku ka ji. Ka fara ƙasa ka ƙare sama, mahaifi ka kira. Ka fara sama ka sauko, uwa ce ko gwaggo. Ka riƙe su duka a sama, ka koma marina wurin baban rini. Muna da karin sama da karin ƙasa, sai faɗau, wanda yake farawa sama ya zube a gaɓa ɗaya, kamar a kai na jiki, saɓanin kai da nake ce maka yanzu.

Yarabawa ba su wahalar da kansu ba. Ohùn suke cewa, murya ke nan, alamomin kuma àmì ohùn. Matakai uku gare su, ƙasa da tsakiya da sama, kuma a makaranta da do, re, mi ake koya wa yara. Da wannan suke raba ọkọ, miji, da ọkọ́, fartanya, da ọkọ̀, mota ko jirgi. Matakin tsakiyar nan shi yake kayar da Bahaushe mai koyon Yarbanci, don matakai biyu kawai kunnensa ya saba da su.

Sinawa sun haɗa kalma biyu, shēng, sauti ko murya, da diào, wato launin waƙa. Sun daɗe da gane abin: tun ƙarni na 5 malamansu irin su Shen Yue suka fayyace kari huɗu don tsara waƙa. Nasu ya bambanta da namu, domin yawancinsa tafiya ce a cikin gaɓa ɗaya, kamar a ce faɗau ɗinmu ya sami 'yan'uwa. A Sinancin Mandarin, gaɓar "ma" in ta tsaya sama uwa ce, in ta hau tsiron rama ne, in ta nutse ta taso doki ne, in ta faɗo zagi ne. Larabci kuwa ba ya raba kalmomi da wannan, shi ya sa kalmarsu ta nagama ta fi karkata ga waƙa da daɗin murya.

Wajen rubutu ma an rabu. Yarbanci yana sa alamominsa, Sinanci ma idan an rubuta shi da Pinyin na 1958, wato tsarin rubuta shi da haruffan boko. Daidaitacciyar Hausa ba ta sa komai, sai a ƙamus irin na Bargery na 1934 da littattafan nazari. Yawanci jimla tana warware mana, ba mai zuba kukan yaro a tukunya. Inda ake shan wuya shi ne nahawu: "ya zo" a takarda yana iya zama ya riga ya iso, yana iya zama umarni ne a ce masa ya taho. Tsawon wasali da kari ne suke raba su, kuma duka biyun ba a rubuta su.

In jarrabawa ce a gabanka, al'adar masu nazarin Hausa ita ce a bar karin sama ba alama, a sa wa na ƙasa ɗan karan da ya kwanto daga hagu zuwa dama, faɗau kuma a ɗora masa 'yar hula. Kafin ka sa alama, rufe baki ka yi gunjin kalmar ta hanci, gaɓa bayan gaɓa. Fara da baba ɗin nan uku, sannan ka gwada sunanka da na garinku.