Sulallan Tagulla na Daular Rum da Ake Sayarwa Ba a Wanke Ba

Dillalan tsofaffin kuɗi kan sayar da ƙunshin sulallan tagulla na Daular Rum da ƙasarsu a jiki, kuma a ganina wannan ce hanya mafi armashi ga sabon mai tarawa, muddin ya san abin da zai samu. Galibinsu ƙanana ne na ƙarni na 4, zamanin Sarki Konstantin da 'ya'yansa, domin a lokacin an buga su da yawan gaske bayan gyaran kuɗi da Sarki Diyoklesiyan ya yi wajajen shekarar 294.

Wanda ya fi burge ni a ƙunshin da na saya shi ne na Konstantiyus na Biyu, ɗan Konstantin, mai rubutun Latin FEL TEMP REPARATIO (wato dawo da zamanin farin ciki), jerin da aka fara bugawa a 348, inda sojan Rum ke sukar mahayin da dokinsa ya faɗi. Haruffan SIS da ke ƙasansa sun nuna an buga shi a Siskiya, wato Sisak ta Kuroshiya a yau, kuma gano hakan ya faranta min rai ƙwarai.

Sai dai da yawa sun suɗe har ba a gane fuskar sarki. Wankin yana buƙatar jiƙo mai tsawo a tataccen ruwa da burushi mai laushi, domin sinadari mai ƙarfi yana cinye koren rufin da ke ƙara musu daraja. Abin da ya fi damuna shi ne dillalin bai bayyana inda aka haƙo su ba, don haka ina ba mai saye shawarar ya nemi takardar asali kafin ya biya.