Taron IAC na Milan: abin da na samo a ƙananan ɗakuna

Jama'a masu tambaya ko zuwa taron IAC (International Astronautical Congress) ya cancanci kuɗin rajista da na jirgi, ni dai na je na Milan a Italiya cikin Oktoban 2024, kuma amsata eh ce, amma fa sai ka san inda za ka zauna. Wannan shi ne babban taron masana sararin samaniya na duniya, tun 1950 aka fara shi a Paris, duk shekara ana sauya gari, kwana biyar ake yi.

Ranar da kamfanin harkar sararin samaniya Axiom Space da kamfanin kayan sawa Prada suka buɗe rigar da 'yan sama jannati za su saka a duniyar wata kowa ya ruga can da waya a hannu, nima na leƙa, rigar ta yi kyau ba laifi. Amma wallahi abin da ya biya ni kuɗina wani ƙaramin ɗaki ne da ake gabatar da muƙalu kan tarkacen da ke yawo a falaki. Kowa mintuna kaɗan ake ba shi, ya gama a rufe shi da tambayoyi, babu kara babu kunya, ɗalibi ya tsare farfesa sai ya kare lissafinsa. A nan na gane girman matsalar, abu na gudun kusan kilomita 8 a daƙiƙa ɗaya, ko ɗan ƙusa ne ya ishi ya lalata tauraron ɗan adam sukutum, kuma karon da taurarin ɗan adam Iridium 33 da Kosmos 2251 suka yi a 2009 har yau ɓaraguzansa na can sama suna zagayawa. Shi ya sa Amurka a 2022 ta rage wa'adin sauko da mataccen tauraro daga shekara 25 zuwa 5. Hotunan da kumbon ADRAS-J na kamfanin Astroscale ya ɗauko na wani tsohon gangar rokar Japan kuwa sai da tsigar jikina ta tashi, abu kamar motar bas yana shawagi ba mai shi.

Shawarata, tun kafin ka taso ka zauna da jadawalin ka zaɓi fanni ɗaya ko biyu ka bi su, don zama da yawa ake yi lokaci guda. Kar ka raina wajen da ɗalibai ke nuna aikinsu a allo, can na fi samun masu lokacin yi min bayani dalla-dalla. Ɗalibai kuma rajistarsu da rangwame, ku nema da wuri.