Jamovi ya tona min asirin tambaya ta 14

Ga 'yan uwa masu masters a nan Legas da ake ce wa sai sun biya wani ya yi musu analisis, ku gwada manhajar analisis mai suna jamovi tukunna. Kyauta ne, a kan yaren kwamfuta na R aka gina shi amma ba sai ka iya rubuta kod ba, kuma yana buɗe fayil ɗin manhajar analisis ta SPSS.

Bincikena a kan yardar 'yan kasuwarmu ne da hada-hadar kuɗi ta waya, na raba takardar tambayoyi a Mile 12 wajen masu tumatir da albasa, sai Alaba Rago wajen masu raguna. Malamina ya ce Cronbach alfa kaɗai bai isa ba ko da ya haura 0.7, alfa yana nuna amsoshi sun jitu ne kawai, bai ce abu ɗaya suke aunawa ba, sai na yi fakta analisis, wanda ke tara tambayoyin da ke auna abu ɗaya gida ɗaya. Na fara kai wa wani mai shago, ya karɓi kuɗina ya miƙo min tebur da ko shi bai iya bayaninsa ba, wallahi raina ya ɓaci ranar.

Da na zauna da kaina a jamovi, na yi gwaje-gwaje biyu da ke nuna ko amsoshin sun dace da fakta analisis: KMO ya wuce 0.6 da ake nema, gwajin Bartlett ma ya yi daidai, kuma kana cire tambaya ɗaya sakamakon yana canzawa nan take a gefe, wannan ya burge ni sosai. Tambayoyin yarda duk suka taru gida ɗaya, banda ta 14, nauyinta, wato ƙarfin alaƙarta da gidan, ko 0.4 bai kai ba. Ita ce ke tambaya ko mutum zai karɓi bashi ta manhajar waya.

Na koma kasuwa na sami wani dattijo cikin waɗanda suka amsa, na ce Baba me ya sa kuka ce a'a alhali kullum da POS kuke ciniki? Ya ce ɗana ai wayar ba ta da laifi, kuɗin ruwa ne ba na ci. Ashe batun kuɗin ruwa mutane ke amsa min, ni kuma ina zaton fasaha nake aunawa, saura kaɗan in rubuta cewa 'yan kasuwarmu na tsoron waya, ƙarya a kan mutanen da suka ba ni lokacinsu ana tsaka da sauke kwanduna.

Jamovi ya nuna min inda matsalar take, dalilin kuwa a bakin Baba na ji shi. Na cire ta 14 daga ma'aunin, na ba ta sashe nata a babi na huɗu.