Arduino Uno a Hannun Ɗalibin Injiniya

Masu ɗaukar ma'aikata sun daɗe suna kukan cewa matasan injiniyoyi na fitowa daga jami'a da lissafi a ka, amma hannunsu bai saba da waya da na'ura ba. Allon Arduino Uno, wani ƙaramin allon lantarki da ake rubuta wa umarni don sarrafa na'urori, wanda ya fito a 2010, yana rage wannan giɓi sosai.

Allon yana da ƙafafun dijital 14 da na analog 6, wato wuraren da ake haɗa wayoyi, kuma yana aiki da volt 5. Ɗalibin da ya haɗa masa na'urar auna zafi, ya rubuta umarnin da zai tayar da fanka idan zafi ya haura iyaka, sannan fankar ta ƙi juyawa har sai da ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya ya gano wadda ta saki, ya koyi neman tushen matsala, kuma wannan ita ce ƙwarewar da masana'antu suka fi buƙata.

Sai dai masana'antu suna sarrafa injinansu ne da na'urorin PLC, wato kwamfutocin sarrafa injinan masana'anta, irin na kamfanin Siemens, waɗanda galibi ke aiki da volt 24 da wani tsarin umarni dabam. Saboda haka ina ganin Arduino Uno ya dace da shekarun farko na karatu, kafin a kai ɗalibi gaban PLC.