Wata uku a cibiyar lesin: abin da kuɗina ya saya wa ƙanwata

Ranar da sakamakon WAEC ya fito, ƙanwata ta shige ɗaki ta saki labule, ko tuwon dare ba ta taɓa ba. Turanci C5, Bayoloji B3, Fiziks C6, sai Lissafi D7 da Kemistiri E8. Ita kuwa aikin jinya ta sa a ranta, makarantun jinya kuma kiredit suke nema a waɗannan darussa biyar ɗin, wato daga C6 zuwa sama.

Baba ya ce ta koma SS3 ta maimaita shekarar ɗungurungum. Kawunmu ya ce ya san wata makaranta a bayan gari inda ake rubuta wa yara amsa a allo, a biya kawai. Ni na ƙi duka biyun. Tunda ana karɓar sakamakon zama biyu a haɗe, darasi biyu ne kacal suka tare mata hanya, me zai sa ta sake ɗinka yunifom? Na yi mata rajistar jarrabawar NECO ta 'yan waje, wadda ake yi wajen Nuwamba da Disamba, na kai ta wata cibiyar lesin da ke kusa da mu a nan Kano.

Wurin aron azuzuwan wata firamare ce mai zaman kanta, bayan an tashi yara. Ana shiga bayan la'asar, a tashi gab da magariba. Bencinan na 'yan firamare ne, sai ka ga ƙato da gemu ya naɗe ƙafa kamar mai jiran aski. Fanka ɗaya ce a ajin, ita ma sai an kawo wuta.

Malamin Lissafi shi ne ya halatta kuɗin da na biya. Ranar farko bai koyar da komai ba, tsohuwar takardar jarrabawa ya raba musu, ya tattara amsoshinsu, ya tafi da su gida. Da na je ɗaukar ƙanwata a babur washegari ya kira ni gefe, ya buɗe takardarta. "Yayanta, duba nan," in ji shi. Ya nuna mini wuri huɗu da ta bi hanya daidai, amma da an zo ɗebe lamba mai alamar ragi sai ta kife. Ya ce tun JSS2 wannan ramin yake, an yi ta gini a kansa. Sati biyu ya yi da ita da wasu yara shida a kan wannan kaɗai, a bencin baya, kafin ya bar su su taɓa aljabra. Wata rana na same ta a tsakar gida tana zana layin lambobi da gawayi a kan siminti, Umma na faɗan an ɓata mata shara.

Kemistiri kuwa sai a hankali. Malamai uku aka canza cikin wata uku, na ƙarshen ɗalibin jami'a ne da ke karanto musu littafi kamar mai labarai a rediyo. Ba ɗakin gwaji, ba ko kwalba ɗaya. Sauƙinta dai jarrabawar 'yan waje a takarda ake amsa tambayoyin gwajin.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne mai wurin. Ya dage sai na biya kuɗin darussa tara, wai haka tsarinsu yake. Sai da muka kai ruwa rana kafin ya yarda da biyu. Daga baya kuma ya ɓullo da kuɗin takardu, kowane wata, ba rasit. In za ku kai naku, ku yi ciniki a gama tun a bakin ƙofa, ku kuma nemi ganin malamin darasin da ya kayar da yaron da idonku.

Sakamako ya fito: Lissafi C4, Kemistiri C6, da ƙyar da jiɓin goshi. Ta kira ni ina kasuwa tana ihu, "Yaya, na haye!" Yanzu littattafan JAMB ne baje a kan tabarmarta. Malamin Lissafin kuma na kai masa shadda yadi biyar, ya ƙi karɓa sai da na haɗa shi da Allah.