A sakar wa kowa sabuntawa dare ɗaya, ko a fara gwadawa kan ƴan kaɗan?

Ɗan'uwa, ka ce kana kula da kwamfutoci wajen 60 na wata ƙungiya a nan Yamai, da reshe a Tawa. Shugabanka ya gaji da ganinka kana bin biro-biro kana sa mizajur (sabuntawar manhajoji) da hannu, yana so a bar sabuntawa ta riƙa sauka wa kowa da kanta. Kai kuma kana so ka fara gwadawa kan mutum biyar ko shida. Ka tambaya wanne ya fi.

Ni gwaji nake bi, amma sai na fara ba shugabanka gaskiyarsa. Microsoft ta fitar da gyaran wata ɓaraka ta Windows ranar 14 ga Maris 2017. Ranar 12 ga Mayu wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bi ta wannan ɓarakar ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Wata biyu magani yana ajiye ba a sha ba. Inda sabuntawa ke sauka da kanta, abin ya zo ya wuce su. Ga kuma sauƙi: ba wanda zai manta, ba jiran sai ka dawo daga hutu.

Illarta ita ce in gyaran ne ya zo da cuta, kowa zai kwana da ita. Ranar Juma'a 19 ga Yuli 2024, ƙarfe 5:09 na asuba agogonmu, kamfanin tsaro na CrowdStrike ya saki wani ɗan fayil mai kuskure. Bai kai awa ɗaya da rabi ba suka janye shi, amma aikin gama ya gama: a ƙiyasin Microsoft kwamfutoci miliyan 8.5 suka tsaya cik, jiragen sama suka kasa tashi, bankuna suka rikice. Da yawansu sai da mutum ya zauna gaban kowace ya goge fayil ɗin da hannu. Ka ɗauka naka ne, kuma rabi suna Tawa, tafiyar fiye da kilomita 500. (Kada dai ka kafa wa shugabanka hujja da wannan fiye da kima. A lokacin, irin wannan fayil ba ya jiran izinin abokin ciniki, kamfanin ne da kansa ya ƙi ɗanɗana miyarsa kafin ya zuba wa baƙi.) Misalin da ya fi dacewa da kai shi ne na Oktoba 2018, da wata babbar sabuntawa ta Windows 10 ta share wa wasu takardunsu, Microsoft ta dakatar da ita cikin ƴan kwanaki. Wanda ya yi haƙurin mako ɗaya bai rasa komai ba.

Sai dai gwajin ma yana da inda yake mutuwa, kuma a nan na fi ganin ana kuskure. Na farko, zaɓen mutane. In ka gwada kan kwamfutarka da ta abokin aikinka, sababbi fil, ba ka gwada komai ba. Sa ta mai lissafin kuɗi, wadda manhajar albashi ke ciki. Sa tsohuwar nan ta sakatariya da ke haɗe da firinta. Sa guda daga Tawa, inda intanet ke rarrafe, don ka ga abin da ke faruwa in wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki. Ka zaɓi masu yawan ƙorafi, waɗanda in abu ya canza kaɗan za su buga maka waya. Mai kawaici ba ya amfani a nan.

Na biyu, gwajin da ba shi da ranar ƙarewa. Na taɓa ganin wurin da aka ce “bari mu gani tukuna”, damina ta zo ta wuce ana gani. Wannan kam gara tsarin shugabanka sau goma.

Ga yadda zan yi. Microsoft tana sakin gyaran tsaro ranar Talata ta biyu a kowane wata, yana iso mu da yamma. Laraba ƴan gwaji su karɓa. In ba a ji kuka ba, Laraba mai zuwa ya sauka wa kowa da kansa, ta WSUS ko Intune (manhajojin Microsoft na raba sabuntawa ga kwamfutocin ma'aikata), wanda kake da shi. WSUS yana da wata riba: sau ɗaya yake sauko da fayil ya raba a cikin gida, maimakon kwamfuta 60 su yi ta kokawa da layi ɗaya. Chrome da bayanan manhajar kashe cuta, bar su su sabunta kansu. In aka sanar cewa ɓarayi sun riga sun fara shiga ta wata ɓaraka, rage gwajin zuwa kwana ɗaya. Babbar sabuntawa mai canza fasalin Windows kuwa, ba ta wata guda, kuma kada ka sake ta makon da ake shirya albashi.