Wane enzayim za ka saya don cire tawada daga tsohuwar takarda?

Enzayim wani sinadari ne da halittu ke samarwa mai hanzarta narkar da abu. Da farko dai, in kiret ɗin ƙwai ko kwali kake yi, ajiye kuɗinka kawai, babu mai duba farin kiret. Maganar nan ta masu tishu ce da duk wanda ke son kayansa su fito fari tas daga takardun da 'yan jari-bola ke kawo mana.

Tsohuwar hanya kowa ya san ta, kostik soda da silikat da ferokzayid da sabulu. Tana aiki, amma soda na mayar da takardar jarida rawaya, ga ruwan da za ka zubar mai ƙona komai, kuma kan tawadar fotokopi da firintar leza sai a hankali. Dalili kuwa ita wannan tawadar garin roba ce da zafin inji ya narkar ya manna a jikin zaren takarda, in ka dama sai ta farfashe fale-fale da zare liƙe a jikinta, shi ne ɗigo-ɗigon baƙin da kake gani a tishu mai araha.

Anan ne enzayim ɗin da ake kira selulez ya fi ƙarfin kowa, ni dai shi nake saya kuma shi zan ce ka saya. Abin da yake yi shi ne ya ɗan ci 'yan ƙananan gashin da ke saman zaren, inda tawadar ta kama, sai ta saki ta rabu. Daga naman gwari ake samo shi, irin su Trichoderma da Humicola, yana son ɗumi kamar digiri 45 zuwa 55, kuma kaɗan ake sawa, ruwa ma ya fi saurin tsanewa a kan raga bayan an sa shi. Amma ka tabbata wanda ke aiki a pH (ma'aunin tsami) 7 zuwa 8, wato inda babu tsami, aka ba ka, domin takardar ofis cike take da alli, in ka kawo mai son tsami na pH 5 allin nan zai kashe tsamin ya hana shi motsi. Kar kuma ka zuba da yawa ko ka bar shi ya daɗe don kana son fari, zaren zai ci, tishun ya riƙa yagewa a hannu.

Akwai wasu enzayim ɗin kuma. Laifez na tawadar da aka yi da man tsirrai ne, in jarida ce jarinka to ka duba shi. Zailanez ɗan rakiya ne, ana haɗa shi da selulez. Lakez kam ka bar wa 'yan jami'a.

Kuma duk wanda ya ce maka enzayim kaɗai zai fitar da tawada ƙarya yake. Sai kana da tankin kumfa mai hura iska daga ƙasa, tawadar ta hau kumfa a kwashe, ko kuma ka wanke kunun takardar tawadar ta bi ruwa, in babu ko ɗaya asara ce kawai.

Yanzu ga inda ake cutar mutane, wallahi abin na ci min rai. Enzayim zafi na kashe shi, jarka ta yi watanni a tashar ruwa ta Legas, a ɗoro ta a tirela cikin rana har Kano, a jibge a shago mai rufin kwano a watan Afrilu, sannan a sayar maka da farashin sabo. Wani dillali ya taɓa kawo min irin wannan, launin ruwan shayinsa lafiya lau, murfi a rufe, muka zuba muka jira, kunun takarda ya fito da baƙinsa yadda ya shiga. Wasu algus suke yi da ruwa, wasu kuma na koɗar da wandon jins ne suke canza wa takarda, shi ma selulez ne amma sau da yawa mai son tsami ne. Sunan kamfanin enzayim na Novozymes na Denmak ma bai isa hujja ba, tun 2024 kamfanin ya koma Novonesis, don haka in ka ga tsohon suna ka duba kwanan wata da kyau.

Kafin ka biya ko sisi ka nemi takardar gwaji mai nuna ƙarfinsa da ranar da aka yi shi da lambar rukuni, ta dace da ta jikin jarka. Sannan ka karɓi samfuri daga ainihin jarkar da za a ba ka, ka dama takardar fotokopi a bokiti biyu da ruwan ɗumi, ɗaya da enzayim ɗaya babu, bayan minti 30 ka wanke ka shanya a raga ka ƙirga ɗigon da idonka. Dillalin da ya ƙi yarda da wannan, ka bar masa kayansa.